Singafo: Birnin da Ya Cinye Dajinsa, Ya Dawo Yana Dashe

Yau tafiyar mai nisa ce. Za mu leƙa Singafo, ɗan tsibirin nan da ke kudu da Malesiya, wanda girmansa bai kai murabba'in kilomita 800 ba. Duk wanda ya ga hotunansa zai ga dogayen benaye sun nutse cikin ganye shar, har ya ɗauka haka wurin yake tun fil azal. To, ba haka ba ne. Yawancin koren nan dashe ne, kuma bayansa akwai doguwar ɓarna.

Mu fara da sunan. Singapura na nufin birnin zaki, alhali zaki bai taɓa zama a tsibirin ba. Mai dajin ita ce damisar Asiya mai ratsi-ratsi, wadda ake kira taiga.

A 1819 da Baturen Ingila Stamford Raffles ya kafa tashar ciniki a can, daji ne ya lulluɓe kusan duk tsibirin. Ba a jima ba manoma, yawancinsu daga China, suka shiga sara suna shuka masoro da gambir, wani tsiro da ake jima da rini da shi. Gambir kuwa sai an dafa ganyensa, wato yana cin itacen wuta, yana kuma gajiyar da ƙasa. Gona ta mutu, a matsa gaba a sari sabon daji. Da aka kutsa wa damisa gida, sai ta koma kan ma'aikatan gona, gwamnati kuma ta sa lada ga duk wanda ya kashe ta. A 1930 aka harbe ta ƙarshe a Choa Chu Kang.

Don mu gane irin dukiyar da aka yi asara, a 1854 masanin halittu Alfred Russel Wallace ya zauna a yankin tudun Bukit Timah, cikin kimanin wata biyu ya tara ƙwari dangin buzuzu wajen iri 700. A 1883 aka killace tudun, lokacin da mafi yawan dajin ya riga ya tafi. Shi ne yau baƙi ke hawa, tudu mafi tsawo a ƙasar, mita 164, birai na ta tsalle a kansa.

Lambun tsirrai na birnin ma, wanda aka kafa a 1859, yana da nasa hannu a ciki. Henry Ridley, da ya zama shugabansa a 1888, ya inganta yadda ake tsaga bishiyar roba a tatsi danƙonta ba tare da ta mutu ba, ya yi ta cusa wa manoma irinta. Roba ta kawo arziki, ta kuma lashe dazuzzukan Malaya. Wannan lambun ne UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2015.

Juyin ya zo da Lee Kuan Yew. A 1963 ya ƙaddamar da dashen itatuwa, a 1967 kuma, shekara biyu bayan samun 'yanci, ya shelanta manufar mai da ƙasar birnin lambu. Ba son tsuntsaye kaɗai ba ne. Ƙasa ce da ba ta da ma'adinai, tana so baƙo da mai zuba jari su sauka su ga tsari. Daga nan abubuwa suka biyo juna: gidan namun daji a Mandai a 1973, fadamar Sungei Buloh a 1993, inda ake ganin kada da guza da tsuntsayen da ke tasowa tun daga Saiberiya, sai gidan kallon dabbobi da dare a 1994, irinsa na farko a duniya. A 2012 aka buɗe Gardens by the Bay mai bishiyoyin ƙarfe 18, mafi tsawonsu mita 50.

Abin da ya fi burge mu, ba a saye shi ba. Daga 1977 zuwa 1987 aka yi ta yashe Kogin Singafo da ya zama juji. Wajen ƙarshen shekarun 1990 karnukan ruwa suka dawo da kansu, yau har a tsakiyar birni ake ganinsu suna farautar kifi.

Amma kada ado ya rufe mana ido. Dajin asali da gatari bai taɓa ba, bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba. A 1986 babbar hanyar mota ta raba Bukit Timah da dajin da ke maƙwabtaka da shi, sai a 2013 aka gina wa dabbobi gadar tsallakawa. Damisar kuwa, mai son ganinta sai ya sayi tikiti.

Singafo ta nuna mana cewa ana iya dasa inuwa cikin shekara 50. Abin da kuɗinta ya kasa dawowa da shi, shi ne dajin da Wallace ya shiga.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa.