Sauya wa amya wuri: yadda ake tsare ƙudan zuma a hanya

Masu kiwon zuma sukan ɗauke amya daga inda take idan furanni suka ƙare, ko za a fesa maganin ƙwari a gonar da ke kusa, ko kuma gidaje sun matso ta. Ƙudan zuman Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira Apis mellifera adansonii, yana da saurin fushi, kuma in aka dame shi ƙwarai yakan watsar da amya ya ƙaura. Shi ya sa ake rufe shi a ciki kafin a motsa.

Ana rufewa ne bayan magariba, lokacin da masu fita neman abinci suka dawo. A busa hayaƙi kaɗan a bakin amya don na waje su shige, sannan a toshe ƙofar da ragar ƙarfe wadda ramukanta ba su wuce milimita 3 ba. Duk wata tsaga a jiki a cike ta da tsumma ko laka, a ɗaure murfi da igiya. Amyar gargajiya ta saƙar ciyawa, bayan an sauko da ita daga itace da igiya, ana naɗe ta da buhun garara. Farin hasken tocila yana jawo ƙudan, amma ba ya ganin jan haske.

Babban haɗarin dai zafi ne. Ƙudan yana riƙe ɗumin ƴaƴansa a wajen digiri 35, ta hanyar kaɗa fikafikai a bakin ƙofa. In aka toshe da leda ko katako, iska ta yanke, ƙudan ya rikice, jikinsa ya ƙara zafi, saƙar ta yi laushi ta zube, zuma ta malale a kansa. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 a Maradi da Damagaram, tafiyar rana tana iya hallaka amya ɗungum. Don haka ake tafiya cikin dare ko da asuba, ana yayyafa ruwa a kan ragar. Gara ma a ɗebe zumar da ta nuna kwanaki kafin tafiya, musamman a amyar Kenya, inda saƙar ke rataye a sanda ɗaya kawai, kuma karkatawa kaɗan tana karya ta.

Amalanke yana yi, amma a kwance dabbar a nisanta ta kafin a buɗe. Jakin da aka sara ba ya jin linzami.

A sabon wuri ana ajiye amya a inuwa, kusa da ruwa, a bar ta ta lafa kafin a cire ragar daga gefe. In nisan bai kai kilomita 5 ba, masu fita da yawa za su koma tsohon wurin su ɓace.