BA A YI WA MUTUM ASKI A BAYAN IDONSA

Yau ina so mu ɗan waiwayi tarihin wata hukuma wadda ta fi kowace kusa da ƙofar gidanmu, wato ƙaramar hukuma. Ita ce ke da alhakin kasuwa da kwata da kwashe shara, kuma da hannunta a asibitin sha-ka-tafi da makarantar firamare. Duk waɗannan abubuwa mace ce ta fi sanin zafinsu. To amma tambayata ita ce, tun da aka fara, ta wace hanya hukumar nan take jin ra'ayin mutanen da take yi wa aiki, kuma ina mu mata muke a cikin hanyar?

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ba su rushe sarauta ba, sai suka yi mulki ta hannunta. Wannan tsari shi ne iyayenmu ke kira En'e. En'e tana da baitulmali, da kotun alƙali, da 'yan doka, da gidan yari. Magana kuwa tsani take bi. Sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa mai unguwa, shi kuma ya tura mai shela ya zaga gari. Idan talaka yana da kuka, wannan tsanin dai zai bi ya hau. Sai dai fa saukowar magana ta fi hawanta sauri. Sanarwar haraji da jangali ba ta kwana a hanya, amma kukan rijiyar da ta ƙafe sai ya yi wata da watanni bai isa inda za a ji shi ba.

Mace kuwa a wannan tsani ba ta da matakala ko ɗaya. Ta gaya wa maigida, in ya ga dama ya kai wa mai unguwa, in bai ga dama ba shi ke nan, maganar ta mutu a tsakar gida.

A 1950 abubuwa biyu suka faru. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Arewa ya kawo ƙudurin a gyara En'e, domin talaka ba shi da ta cewa a cikinta. A shekarar ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta. Daga nan aka shiga kafa majalisun gunduma da na ƙauye, ana sa wakilan jama'a a ciki. An sami ci gaba, amma duk zaman na maza ne. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa an ce su zauna a gida. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana, ba ta daina ba.

Babban gyara ya zo a 1976, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo. Aka yi wa ƙasa duka tsari iri ɗaya, aka kafa ƙananan hukumomi 301, aka ce kansiloli su zama wakilan jama'a, sarakuna kuma su koma masu ba da shawara. A wannan shekara ce aka ba matan Arewa 'yancin ƙuri'a, kuma a babban zaɓen 1979 suka fito suka yi layi. Ƙananan hukumomi suka yi ta ƙaruwa har suka kai 774, Jihar Kano kaɗai tana da 44.

To, an ba mu ƙuri'a, amma an zo an ji ta bakinmu? Nan ne gizo ke saƙa. Ƙuri'a rana ɗaya ce a cikin shekaru. Shawara kuwa abu ne na yau da kullum, kuma inda ake yin ta bai canza sosai ba: ƙofar fada, zauren mai unguwa, majalisar dattawa bayan la'asar, ko sakatariya. Wace matar aure ce za ta bar tukunya a wuta ta je ta zauna a zauren mai unguwa? Ga kuma shekaru da yawa da aka yi ana naɗa kantomomi a maimakon zaɓe. Shi kantoma wanda ya naɗa shi yake saurare. Sai a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kawai za su riƙe su.

Akwai darasi guda da nake ganin ya ishi mai hankali, shi ne na allurar shan inna. A 2003 aka dakatar da ita a Kano saboda jama'a sun yi zargi, sai a 2004 aka dawo da ita, kuma a wannan tsakani cutar ta bazu har wasu ƙasashe. Iyaye mata suna da tambaya mai ma'ana: yaya ake biyo mu har ɗaki da wannan kyauta, alhali zazzaɓi da ƙyanda na kashe mana yara, in mun je asibiti a ce mu sayo magani? Da farko ba wanda ya tsaya ya saurare su. Daga baya aka sa sarakuna da hakimai da masu unguwanni a cikin aikin, aka ɗauki matan unguwa da aka sani suna shiga gida-gida, suna zama a kan tabarma suna amsa tambaya, aka kuma haɗa da wasu magunguna. A 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Kun ga ke nan ashe hukuma ta san hanyar cikin gida in ta matsu. Me zai hana ta bi wannan hanyar kafin ta yanke inda za a haƙa rijiyar burtsatse, ko lokacin da za a riƙa yin awon ciki?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kika san famfon da ya mutu, ke kika san kwatar da ke kawo sauro, ke kika san ajin da yaronki ke zaune a ƙasa. Saboda haka shawarata ba mai wuya ba ce. Ki san sunan kansilan mazaɓarku, da na mai unguwarku. Ku da kuke haɗuwa a Islamiyya ko wajen adashi, ku ware ɗan lokaci ku tsayar da matsala guda ɗaya tak, wadda ta iya rubutu ta rubuta, kowa ta sa hannu. Ku zaɓi dattijuwa biyu masu mutunci, da sanin mazajenku, su kai wa mai unguwa da kansila, ku kuma riƙe kwafi a hannunku. In wata ya wuce shiru, a sake komawa, a yi ta komawa cikin ladabi. Idan akwai kwamitin asibitin unguwa ko na iyayen yara a makaranta, ku nemi a sa mace a ciki, kuma wadda za ta buɗe baki.

Su Hajiya Gambo sun sha wuya kafin a yarda mace ta tsaya a layin zaɓe. Abin da ya rage mana bai kai nasu wahala ba, takarda ce da naci. Allah ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, mu kuma ya ba mu bakin faɗar gaskiya, amin.