Waƙa, Barkwanci da Fim a Ƙulla Abotar Sababbin Ɗalibai: Nazari Daga Ƙasar Gobir

Makonnin farko na shiga babbar makaranta lokaci ne da matashi yake rabuwa da mutanen da suka san shi tun yana goye, ya faɗa cikin jama'ar da ba ta san sunan mahaifinsa ba, ballantana garinsu, kuma a cikin wannan ɗan tsakani ne yake zaɓen waɗanda zai ci abinci da su, ya yi bitar karatu da su, ya ranci kuɗinsu idan guzuri ya ƙare, har tsawon shekara uku ko huɗu. Ga ɗalibin da ya taso daga Unguwar Lalle, ko wani gari na ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa da ke arewa maso gabashin Jihar Sakkwato a bakin iyakar Nijar, wannan rabuwa takan zo ranar da ya sauka a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ko takwararta ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda. Wannan maƙala tana son ta nuna cewa musayar waƙoƙi da barkwanci da finafinai da ake yi a ɗakunan kwanan ɗalibai ita ce hanyar farko da baƙi suke gwada juna kafin su amince da juna, kuma cewa a wajen ɗan ƙasar Gobir musayar takan karkata gefe guda, ya karɓi da yawa ya ba da kaɗan, alhali ya zo da abin bayarwa.

Abin da ake nufi da sha'awa a nan shi ne karkatar ran mutum zuwa ga wani nau'in waƙa ko wasa ko labari, tare da iya bambance mai kyau da maras kyau a cikinsa. Masana zamantakewa sun daɗe suna tambayar alaƙarta da abota. A 1954 Paul Lazarsfeld da Robert Merton suka yi bayanin ɗabi'ar nan ta mutum ya fi kusantar wanda ya yi kama da shi, sannan a 1961 Theodore Newcomb ya buga sakamakon nazarin da ya yi a Jami'ar Mishigan ta Amurka, inda ya tara ɗalibai 17 da ba su san juna ba a gida ɗaya, ya ga cewa da farko kusancin ɗaki ne yake haɗa su, amma da zama ya yi nisa sai daidaituwar ra'ayi ta zama ita ce ke raba abokai. Nazarin da ya fi kusa da batun nan shi ne na Kevin Lewis da Marco Gonzalez da Jason Kaufman, wanda aka buga a 2012, bayan sun bi shafukan Facebook na ɗaliban wata jami'ar Amurka tsawon shekara huɗu. Sun rarrabe abu biyu: zaɓe, wato mutum ya nemi abota da wanda sha'awarsu ta riga ta zo ɗaya, da kuma tasiri, wato aboki ya shafa wa aboki sha'awarsa bayan an ƙulla abotar. Sun gano cewa zaɓe yana da ƙarfi a fagen waƙa da fim, ba ya da shi a fagen littattafai, tasiri kuwa bai bayyana sosai ba sai a wajen masu sauraron jaz da tsohon kiɗan Turawa.

Kuskure ne a ɗauki wannan sakamako a ɗora wa ɗalibin Sabon Birni yadda yake. Ɗalibin Amurka yana isa ga duk waƙar da yake so shi kaɗai, ba sai ta hannun kowa ba, don haka abokinsa ba shi da ikon buɗe masa ƙofa ko rufe ta. A Unguwar Lalle da makamantanta kuwa waƙa da fim ta hannun mutum suke zuwa. Akwai masu turi a kasuwa, waɗanda suke cika wa mutum memori da waƙoƙi da finafinai a kan kuɗi kaɗan, akwai masu cajin waya da matasa suke taruwa a rumfarsu saboda rashin wutar lantarki, akwai kuma tura wa juna daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender, wanda ba ya cin data. Lokacin da gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 a watan Satumba na 2021 saboda matsalar 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa, wannan hanya ta hannu da hannu ce ta rage wa yawancin matasa. Wanda ya girma a haka ya saba da cewa abin da abokinsa yake da shi a waya shi ne abin da zai ji ya kalla, kuma wannan sabo ba ya barinsa don ya shiga jami'a, musamman da yake kuɗin data suna gogayya da kuɗin abinci a aljihun ɗalibi. Saboda haka tasiri ya fi ƙarfi a nan fiye da yadda aka gan shi a Amurka, kuma Hausawa sun riga sun faɗi dalili da suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ya kamata a tsaya a kan abin da wannan ɗalibi yake zuwa da shi, domin a nan ne ake yawan raina shi. Ƙasar da ya fito ita ce tsakiyar tsohuwar daular Gobir, wadda birninta Alƙalawa ya faɗa hannun masu jihadi a 1808, sa'annan wani ɓangare na gidan sarautar ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, wani kuma ya dawo ya kafa Sabon Birni daga baya a cikin wancan ƙarni. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba ƙasar gida biyu ba tare da ta raba dangi ko kasuwa ko kunne ba, shi ya sa yaron Unguwar Lalle yake tasowa yana kama Rediyon Rima na Sakkwato da tashoshin Maraɗi a akwati ɗaya, yana bin gasar kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, kamar yadda ɗan birni yake bin ƙwallon Turai, yana kuma sanin kirari da taken 'yan kokawa. A fadar Isa ne Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso mutumin Tubali, ya yi wa Sarkin Gobir Amadu waƙa har rasuwar makaɗin a farkon shekarun 1960, kuma masana waƙar baka suna sanya Bakandamiyarsa cikin mafi zurfin abin da makaɗan Hausa suka bari. Kusa da nan, a ƙasar Zamfara, akwai Musa Ɗanƙwairo na Maradun da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, ga kuma Ɗan Anace da waƙoƙinsa na dambe. Dukansu da karin harshen yamma suka yi waƙa, wato Hausar da yaron ya sha a nono, ta yadda kalmar da ɗalibin Kano zai nemi a fassara masa, shi a bakin kakarsa ya fara jin ta.

Abin da yake tararwa a makaranta kuwa ya riga ya san rabinsa. Tun fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, masana'antar da daga baya aka laƙaba wa suna Kannywood ta shimfiɗa wa matasan Hausa wani fage na tarayya, wanda tashar Arewa24 ta faɗaɗa daga 2014 da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, YouTube kuma ya ƙara da Izzar So. Waƙoƙin Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, da finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, sun isa ƙauye kamar yadda suka isa birni. Amfanin wannan a fili yake, domin baƙi biyu da ba su da abin faɗa wa juna suna iya kwashe dare suna gardama a kan wani jarumi ko ƙarshen wani shiri, kuma a cikin gardamar kowa yana auna hankalin ɗan'uwansa da haƙurinsa ba tare da ya tambaye shi asalinsa ko aƙidarsa ba.

Barkwanci ne fagen da ya fi sarƙaƙiya, kuma shi ne ya fi nuna inda musayar take gyaruwa da inda take ɓaci. Bagobiri ya gaji taubasantaka, wato wasan da al'ada ta halatta tsakanin wasu al'ummu biyu, inda kowa yake da damar zolayar ɗan'uwansa ba tare da an yi fushi ba, kuma sanannen abokin wasansa shi ne Bayarabe, kamar yadda Bafulatani yake wasa da Babarbare, Bakano da Bazazzagi. A Nijar an ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa a 2014. Jami'ar tarayya irin ta Usmanu Ɗanfodiyo tana tara ɗalibai daga Ilori da Ibadan da sauran ƙasar Yarabawa, saboda haka ɗan Sabon Birni yana iya samun kansa da wata alaƙa da aka ƙulla masa tun kafin a haife shi, wadda take ba shi damar shiga hira da baƙo da dariya tun ranar farko. Sharaɗin taubasantaka shi ne ramuwa, wanda aka zolaya yau shi zai zolaya gobe, kuma babu na sama babu na ƙasa. Barkwancin fim ba lallai ne ya kiyaye wannan sharaɗi ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, da waɗanda suka biyo sawunsa sun gina yawancin wasanninsu a kan baƙauyen da ya shigo birni ya ruɗe, da kuma kwaikwayon maganar wasu, kuma sau da yawa karin harshen da ya saɓa wa na Kano ne ake sa wa a bakin wanda za a yi wa dariya. Ba a musun gwanintar waɗannan 'yan wasa, amma idan ɗakin ɗalibai ya kwashe da dariya a kan wanda ya ce "yat tahi" a maimakon "ya tafi", akwai mutum ɗaya a ɗakin da haka mahaifiyarsa take magana, kuma ba shi da wani fim da zai rama da shi.

Daga nan ne karkatar take farawa. Pierre Bourdieu ya nuna a littafinsa na 1979 a kan bambancin sha'awa a Faransa cewa abin da mutum yake so ya ji ko ya kalla yana zama masa shaidar matsayi, jama'a kuma suna jera sha'awoyi hawa-hawa gwargwadon matsayin masu su. Sabon ɗalibi yana saurin gane wannan jeri ko ba a faɗa masa ba, ya lura cewa sabuwar waƙar Legas ko ta Kano tana jawo masa abokai, ta Narambaɗa kuwa tana iya jawo masa laƙabin tsoho ko baƙauye, sai ya gyara harshensa, ya mayar da kiɗan kotso abin saurare da abin kunne idan ɗaki ya yi tsit. Abin takaici ne ƙwarai, domin a cikin harabar jami'ar da yake ɓoye waƙar, malaman Sashen Harsunan Nijeriya suna koyar da ita, ana rubuta kundayen digiri a kanta, kuma manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun ba da shekarun rayuwarsu wajen tattara tarihin waɗannan makaɗa.

Akwai masu ganin cewa duk wannan batu shagala ce, iyaye sun tura yaro neman ilimi ne, kuma wasu ɗaliban da kansu suna ƙaurace wa kiɗa bisa fahimtarsu ta addini. Wannan matsayi yana da tushe mai tsawo a Sakkwato, kuma ya cancanci girmamawa. Sai dai bai fita daga tsarin da ake bayani ba, domin masu wannan ra'ayi su ma suna tura wa juna ƙira'ar alarammomi da wa'azi da ƙasidu, suna gane juna ta wanda kowa yake saurare, wani lokaci ma rabuwar da ke tsakanin masu bin malamai daban-daban ta fi ta masu waƙa tsanani. Haka abin yake a ɗakunan ɗalibai mata, inda littattafan Hausa da ake yaɗawa ta WhatsApp da waƙoƙin biki suke yin aikin da ƙwallo da fim suke yi a wajen maza.

Dalilin da ya sa lamarin ya zama na gaggawa shi ne halin da ƙasar Gobir take ciki. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutanen Sabon Birni da Isa zuwa yankin Gidan Runji na Jihar Maraɗi da cikin garin Sakkwato, hanyoyi suka zama abin tsoro, ɗalibi yana iya ƙare zango bai leƙa gida ba. Wuraren da kunnen yaro yake samun tarbiyya, wato dandalin dare da kokawar kaka da tashen azumi da bikin da ake kwana ana kiɗa, sun ragu matuƙa a garuruwan da mutane suke shiga ɗaki da magariba. Idan tushen ya yi rauni a gida, kuma ɗan gidan yana jin kunyar abin a makaranta, to waƙoƙin za su rage a kan memori kawai, kuma duk wanda ya taɓa duba irin waɗannan memori ya san yadda suke: faifai ba suna, ko da sunan makaɗin da ba shi ne ya yi ba, babu wanda aka yi wa waƙar, babu shekara. Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da gidajen rediyon Rima da na Tarayya da ke Kaduna da suka naɗi muryoyin makaɗan yankin tun da daɗewa, suna da ikon fitar da waɗannan waƙoƙi da sahihin bayani a siffar da waya za ta ɗauka ba tare da data ba, ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin Sabon Birni da Isa kuma su ne suka fi dacewa su shigar da su ɗakunan kwana, ta hanyar turin nan da kowa ya riga ya saba da ita.