Wane Daji Za A Shiga Bana? Tarihin Wuraren Farautar Zabi a Ƙasar Bagudo

Idan kaka ta wuce, gero da dawa sun shiga rumbu, hunturu ya fara kaɗawa, maganar farauta kan tashi a zaurukan ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, tun daga Sharabi da Kwanguwai har zuwa Ka'oje, Illo, Lolo da Tsamiya a bakin iyakar Jamhuriyar Benin. Kafin a gyara bindiga ko a kira karnuka, abin da ake fara tambaya shi ne dajin da za a nufa. A da amsar tana bakin dattawan maharba. A yau sai an duba gonar wani, an tuna da dokar gwamnati, an ji labarin hanya, kafin a yanke shawara. Yadda aka zo nan tarihi ne mai tsawo, kuma zabon daji, tsuntsun da talaka ya fi samu a farauta, shi ya fi nuna mana shi ƙarara.

Halin zabo shi ne jagoran farko

Maharbi bai taɓa zaɓar daji da son ransa kawai ba. Halin abin da yake nema shi ke ja masa gora. Zabin daji da rani garke suke tafiya. Suna kwana a kan manyan itatuwa, su sauko da asuba su nufi ruwa, su yini suna tonon tsaba da ƙwari a fili mai ciyawa da sarƙaƙiya kusa, da la'asar su sake komawa mashaya. Sun fi dogara da gudu a kan tashi sama. Saboda haka wanda ya san sana'ar abubuwa uku yake nema: ruwan da ba ya ƙafewa, itacen kwana, da kurmin fakewa. In ya ga sawu a bakin tafki, ga gashi da kashi a gindin tsamiya ko maɗaci, ga gurbin da suka yi wankan ƙura, ya san ya iso.

Ƙasar Bagudo tana da waɗannan duka. A nan kusa Kogin Kwara yake shigowa Nijeriya, a wannan yanki kuma Gulbin Kabi yake zuba a cikinsa. Kogin yana cika sau biyu a shekara: cikar damina, da wata cikar da ke isowa cikin hunturu daga can yamma mai nisa. Wannan ya sa fadamu ke riƙe ruwa bayan tudu ya bushe ƙayau, tsuntsaye da namun daji su gangaro. Zabo da fakara a gefen tudu, dinya da kirinjijiya a cikin ruwa, gada da zomo a sunƙuru.

Da damina kuwa garken kan watse, zabuwa ta yi sheƙa a ƙasa cikin ciyawa, ta kwanta a kan ƙwai kusan mako huɗu. Lokacin nan mutane suna gona, ciyawa ta yi tsawo, farauta ta tsaya. Noma da kansa ya riƙa ba tsuntsun hutun da yake bukata ya hayayyafa.

Zamanin da daji ke da masu shi

Kafin zuwan Turawa wannan yanki mahaɗa ce ta ƙasashe. Illo na cikin manyan garuruwan Borgu, tare da Busa da Nikki, waɗanda ke danganta asalinsu da Kisra. Daga arewa akwai Kabi ta Kanta, daga baya kuma Gwandu ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya yi rubutu a kan hukuncin ƙasar da ba a raya ba da kuma hurumi. Busawa, Kyangawa, Dandawa, Zabarmawa, Fulani da Hausawa duk sun zauna a nan, Sarkawa na riƙe da ruwa.

Tsakanin garuruwan nan akwai dazuzzuka masu faɗi da babu kowa. Yaƙe-yaƙe da harin kamun bayi sun sa mutane sun takure kusa da ganuwa. Ƙudan tsando ya hana shanu zama a kurmi, ciwon makanta na bakin rafi ya kori manoma daga wasu koramu. Abin da ya zama wahala ga mutum ya zama rahama ga dabba: giwa, ɓauna, gwanki, kanki da zaki suka samu wurin walwala, balle zabo da ba ya ƙirguwa.

A al'adar Hausa daji yana da shugabanni. Akwai sarkin baka ko sarkin dawa, wanda ya san kowace mashaya da kowace hanya, shi ake tuntuɓa kafin a shiga. Farauta iri biyu ce. Akwai ta maharbi, mai tafiya shi kaɗai ko da yaronsa, da kwari da baka, wani lokaci ya ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya yana tafiya irin ta tsuntsun har ya kusanci nama. Akwai kuma farautar gayya, inda ake sa rana, a aika wa ƙauyuka, a fito da kiɗa da kirari, 'yan tauri a gaba, samari da gora da kere da karnuka, a kewaye daji. Zabo ya fi faɗawa hannun masu gayya da masu ɗana asuta a mashaya. Yara da makiyaya kuma kan tsinci ƙwansa su sa wa kaza ta ƙyanƙyashe.

Abin lura shi ne, shiga dajin wani gari ba da sanin masu shi ba rigima ce. Ana neman izini, ana kai wa sarki rabonsa, akwai kurmin da ake tsoro ba a taɓa shi. Musulunci ya ƙara nasa ladabin: a ambaci sunan Allah lokacin harbi ko sakin kare, a yanka abin da aka samu da rai, a guji kashe dabba don wasa.

Layin da ya raba daji biyu

A 1894 Kyaftin Lugard na Ingila da Kyaftin Decoeur na Faransa suka yi tseren isa Nikki don ƙulla yarjejeniya da sarkinta. Taƙaddamar ta ƙare da yarjejeniyar 14 ga Yuni, 1898, wadda ta raba Borgu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa a cikin Dahome, wato Benin ta yau, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. A farkon ƙarni na 20 aka cire Illo daga Borgu aka haɗa ta da ƙasar Gwandu. Dajin da maharbi ya gada daga kakansa, ya wayi gari rabinsa yana ƙarƙashin wata tuta da wata doka. Zabi ba su san layin ba, suna kwana a nan su sha ruwa a can, amma mai bin su da makami ya zama mai ƙetare iyaka.

Bayan iyaka sai doka. A 1900 ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka zauna a Landan kan kare namun dajin Afirka, suka sake zama a 1933. Yarjejeniyar 1933 ce ta ƙarfafa kafa gandun daji, ta kuma yi hani ga farauta da mota, da guba, da fitila mai dallare ido, da kewaye dabba da wuta. A Nijeriya an yi dokar kare namun daji a 1916, sannan Jihar Arewa ta yi tata a 1963. Daga nan lasisi ya shigo cikin sana'ar da a da izinin sarkin daji ya wadatar. Dokar bindigogi ta 1959 kuma ta sa ko adaka sai da izinin hukuma.

Faransawa suka keɓe dazuzzuka a gefensu. A 1954 aka ayyana gandun dajin W, wanda ya samo sunansa daga lanƙwasar Kogin Kwara, ya kuma ratsa ƙasashen da yau ake kira Nijar, Benin da Burkina Faso, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 10,000. Suka keɓe wasu dazuzzuka a yankin Segbana da Kandi, da wuraren farauta na haya a gefen gandun, inda baƙo mai kuɗi ke biya ya harbi ɓauna. A gefen Nijeriya aka kafa gandun Borgu a shekarun 1960, aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, daga baya aka haɗa Borgu da Zugurma ya zama gandun ƙasa na Tafkin Kainji a 1979, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340. Maharbin Bagudo ya tsinci kansa a tsakiya: W a arewa maso yamma, Kainji a kudu, duka a rufe gare shi. Gandayen sun ceci dabbobi da dama, wannan gaskiya ne. Amma an shata su ba tare da shawarar maharban da suka fi kowa sanin dajin ba, kuma wannan ya mai da masani ɓarawon daji a idon doka.

Gona, fari da tsoro

Abin da ya rage a buɗe shi ne dajin ƙauye, shi ma sai ya fara ƙanƙancewa. Farin 1973 da na 1984 sun koro mutane da dabbobi daga arewa zuwa bakin Kwara. Yaƙi da ciwon makanta ya buɗe koramun da a da ake gudu. Jama'a ta ƙaru: ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Bagudo na da mutum sama da 230,000. A ƙetare, auduga ta mamaye lardin Alibori na Benin, tare da magungunan feshi da ke kashe ƙwarin da 'ya'yan zabi ke ci. A gefenmu shinkafa ta cika fadamu, musamman bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015. Ba laifi ba ne mutum ya noma abinci. Sai dai saurar da ake bari ta huta shekaru ta ɓace, masu gawayi sun sare itatuwan kwana, kuma wutar daji tana cinye mafaka kowace shekara.

Kayan aiki ma sun sauya. Bindiga mai harsashin watsi, babur mai kai mutum nesa cikin sa'a guda, da tocila mai ƙarfi sun sa mutum ɗaya na iya zuwa gindin itacen kwana da dare ya kakkaɓe garke. Kwasar ƙwai da damina, da kasuwa ke saye, ta cire hutun da noma ke bayarwa.

Na ƙarshe kuma mafi ciwo shi ne rashin tsaro. Masu ɗauke da makamai sun samu mafaka a W da Kainji. A Fabrairu 2022 bama-baman da aka binne a gandun W na Benin sun kashe ma'aikatan gandu. An rufe iyakokin Nijeriya na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kuma har yau mai bindiga a bakin iyaka abin zargi ne. Maharba da yawa sun koma aikin sa-kai na tsaron ƙauye da nuna wa jami'ai hanya. Yau kafin a tambayi inda zabi suke, ana tambayar inda za a je a dawo lafiya.

Darasi daga Amurka

Akwai ƙasar da ta taɓa shiga irin wannan hali da tsuntsu mai kama da namu. Talotalon daji na Amurka, shi ma mai kwana a itace da sheƙa a ƙasa, ya kusa ƙarewa a shekarun 1930 saboda sare daji da harbi ba ƙa'ida. A 1937 aka yi dokar da ta sa haraji a kan bindigogi da harsasai, kuɗin ya tafi ga gyaran mazaunin namun daji. An gwada sakin talotalon da aka raina a gida, bai yi ba. Daga shekarun 1950 aka koma kama na daji da raga ana kai su dazuzzukan da suka rasa su. Zuwa farkon ƙarnin nan yawansu ya kusa miliyan 7. Maharbin can yana zaɓar inda zai je ne cikin filayen da aka tanada, a lokacin da aka ƙayyade, da adadin da aka yarje masa, kuma da bazara akasari namiji kawai ake harbi. Maharban da kansu suka biya kuɗin, suka kuma tsare ƙa'idar.

Namu ya fi sauƙi, domin zabo bai ƙare ba, kuma tsuntsu ne mai saurin hayayyafa in an bar shi. Abin da ake bukata ba baƙo ba ne gare mu: kowane ƙauye ya keɓe hurumin da ke da ruwa da itace, a riƙa hutar da wani sashe ana juyawa, a daina kwasar ƙwai da damina, a haramta harbin dare a makwanci, a bar sa wuta don korar nama. Hakimai da dagatai, da ma'aikatar gandun daji ta Jihar Kebbi, su zauna da sarakunan baka da ƙungiyoyin mafarauta, a ba su matsayi a hukumance, a kuma yi magana da takwarorinsu na Segbana da Malanville a Benin tunda garken ɗaya ne.

Ga maharban Sharabi da maƙwabtansu, ku ne kuka san mashaya, ku ne kuka san makwanci. Ku fara sa wa kanku doka tun bana, kada ku jira wani ya zo ya sa muku, domin 'ya'yanku su samu dajin da za su shiga.