Gandu da Gayauna: Inda Ma'aunin Hofstede Ya Gaza

Tsakanin 1967 da 1973 Geert Hofstede, masani ɗan ƙasar Holan, ya tattara amsoshin ma'aikatan kamfanin IBM a ƙasashe da dama, ya fitar da ma'aunin da har yau ake kwatanta halayen al'ummai da shi. A sikelinsa na fifita kai a kan jama'a, Amurka ta sami maki 91, Afirka ta Yamma kuwa 20. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Nijeriya da Gana da Saliyo aka zuba a ƙwarya ɗaya aka ba su wannan maki, kuma masu amsar duk ma'aikatan kamfanin ne. Manomin audugar Funtuwa ba ya cikin lissafin.

Ƙarancin waɗanda aka tambaya ƙaramin aibi ne. Babban shi ne sikelin ya ɗauka cewa idan kishin jama'a ya hau, dole neman na kai ya sauka. Tsarin noman ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya ƙaryata haka. A gandu, ɗa yana yi wa mahaifinsa noma tun safe har wajen azahar, uban kuma ya ciyar da shi, ya yi masa aure, a da har haraji yakan biya masa. Da yamma wannan ɗan zai wuce gayaunarsa, wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Matar gida ma tana da sana'arta da awakinta, miji in ya taɓa kuɗinta bashi ya ci. To, wane maki za a ba wannan gida?

Paul Clough, wanda ya yi bincike a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi, ya fi kusantar gaskiya a littafinsa na 2014. Ya nuna manoma 'yan kasuwa masu neman riba ido rufe, suna ɓoye hatsi sai ya yi tsada, amma dukiyar tana tafiya ne a hidima: ƙarin aure, ɗawainiyar iyali, riƙon barori, rance ga na ƙasa. Neman na kai shi ke ɗaukar nauyin jama'a, jama'ar kuma su ne jarin mai nema. (Mai kuɗin da ba shi da mutane, a can ba a kiran sa mai arziki da cikakken baki.)

Sai kuma batun ɗaukar ƙasa a matsayin al'ada guda. A yankin Malumfashi kaɗai, matan Maguzawa na noma da fartanya a fili, alhali maƙwabtansu Musulmi na cikin kulle suna kasuwanci ta hannun yara masu talla. Harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, dawa ɗaya suke ci, kuma tafiyar ƙafa ce tsakaninsu.