Auna haɗarin da ke tattare da hanyoyin sadarwa: Darasin Zamfara na 2021

Auna haɗari shi ne binciken da hukuma ko kamfani ke yi kan wani abin da jama'a suka dogara da shi, kamar turakun sadarwa, layukan lantarki da na'urorin banki, domin a san abin da ka iya lalata shi, da yiwuwar faruwar hakan, da girman asarar da za ta biyo baya.

Abin da ya faru a Zamfara

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin jihar, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle, don raba 'yan bindiga da masu kai musu bayanai. Mako biyu aka ɗiba tun farko, amma sai ranar 1 ga Oktoba sabis ya dawo Gusau, sauran ƙananan hukumomi kuwa, har da Tsafe da Bungudu, sai a ƙarshen Nuwamba.

Katsewar ta fito da abin da ba a cika lura da shi ba. Masu POS sun rufe shaguna, tura kuɗi ta waya ya tsaya, ɗan kasuwa ya rasa hanyar jin farashi, ma'aikaci ya rasa hanyar aika rahoto. Wasu sukan bi hanyar Tsafe zuwa Funtuwa don kawai su yi kira, kafin Katsina ma ta katse layin can.

Yadda ake aunawa

Ana farawa da lissafa kadarori: turaku, kebul ɗin ƙarƙashin ƙasa, janareto da rumbun bayanai. Sai barazana: satar batura da dizal, yanke kebul wurin aikin titi, kutsen intanet, ko umarnin gwamnati. Daga nan a duba abin da ya rataya a kan wani, domin turken sadarwa sai da dizal, dizal sai da hanya mai aminci, banki kuma sai da turken. A ƙarshe a jera haɗurran bisa girmansu, a tanadi madadin mafi muni.

Matsayin doka

Dokar laifukan intanet ta 2015 ta bai wa shugaban ƙasa ikon ayyana muhimman kayan sadarwa da tilas a kare. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan umarnin da ya shigar da kayan kamfanonin waya cikin wannan rukuni.