Aman Wutar Tarawera da Matan Maori 'Yan Jagora

Masu rubuta tarihin yawon buɗe ido a ƙasar Niyuzilan sukan fara lissafi daga 1901, shekarar da gwamnati ta kafa ma'aikata musamman domin wannan harka. A ganina sun makara. Tun kafin nan sana'ar tana hannun Tuhourangi, wani reshe na al'ummar Maori da ke zaune kusa da tafkin Rotomahana.

Abin da ke jawo baƙi shi ne waɗansu matakalai biyu a bakin tafkin, ɗaya fara fat, ɗaya jaja-jaja, waɗanda ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa ya gina sannu a hankali. Turawa kan sauka a ƙauyen Te Wairoa, 'yan ƙasa su tsallakar da su a kwalekwale, su karɓi ladansu.

Ranar 10 ga Yuni, 1886, kafin asuba, dutsen Tarawera ya yi aman wuta. Mutum wajen 120 suka halaka, galibinsu Maori. Laka da toka suka binne Te Wairoa, matakalan kuma suka ɓace. Wata 'yar jagora, Sophia Hinerangi, ta tara mutum fiye da 60 a ɗakinta, suka tsira.

Da yawa daga cikin waɗanda suka rayu sun ƙaura zuwa Whakarewarewa, kusa da Rotorua. Gonaki da gidaje sun tafi, amma sanin jagoranci bai binnu ba. Sophia ta ci gaba da aikinta a can, Makereti Papakura ta biyo sahunta. Makereti ce ta yi wa yariman Ingila, wanda daga baya ya zama Sarki George na 5, jagora a 1901 ɗin da ake cewa a nan aka fara.